Waƙoƙin Hamsou Garba: wa ya biya, wa ya ajiye?

A shekarar 1991 ne Hajiya Hamsou Garba ta kafa ƙungiyarta ta waƙa, Annashuwa, a nan Yamai. Kundin waƙoƙinta na farko, Gargaɗi, bai fito ba sai a 2008. Tsakani akwai shekara 17, kuma ba a zaune ta yi su ba. Duk wanda ya yi zaman Yamai a wancan lokaci ya san muryarta a rediyo, ya gan ta a tele da ƴan amshinta cikin anko, ya ji waƙarta a gidan biki ko a taron hukuma. To yaya aka yi mace mai tsara waƙa ba dare ba rana ta kusa cika shekara 50 a duniya kafin a ga kundi mai ɗauke da sunanta? Wanda ya bi diddigin wannan tambaya zai gane wa ke biyan waƙar mata a ƙasar nan, me ake biya a cikinta, da kuma abin da ba wanda ya ɗauki nauyinsa, wato ajiye ta.

An haife ta a Maraɗi ranar 25 ga Disamba 1958, mako ɗaya bayan an shelanta Jamhuriyar Nijar, don haka duk sauyin da ƙasar ta gani da ita aka gan shi. Ta yi karatun Faransanci da Larabci, ta yi aikin ofis a meri ta Yamai, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci, ta kuma riƙe makirfo a rediyo tana tattaunawa da jama'a. Allah Ya yi mata rasuwa a Yamai ranar 5 ga Disamba 2022. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Kafin zamaninta, mace mai waƙa wuri biyu gare ta. Ko dai zabiya ce, wadda sana'ar ta zama abincinta, tana bin sarakai da attajirai da gidajen biki, a yi mata kyauta a kuma riƙa kallonta a matsayin ƴar roƙo. Ko kuwa mace ce kamar kowa, mai waƙar daka da niƙa da reno, wadda ta yi gaɗa a dandali tana budurwa, ranar da aka ɗaura mata aure kuma muryarta ta koma bayan zana. Ko kiɗan ƙwarya da amada, irin wanda Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi fili har duniya ta sani, asalinsa na mata ne su kaɗai a tsakar gida. Hamsou ta bi wata hanya dabam: ƴar lakwal, ma'aikaciya mai albashi, da safe tana ofis, da yamma tana kan dandamali gaban ministoci. Wannan hanya sabuwa ce, kuma gwamnatin soja ce ta share ta. Zan komo kan wannan.

Da farko ya kamata a gane mene ne aikin, domin a nan ake tauye matan nan. Mutane na cewa wance ta iya waƙa, suna nufin murya. Murya baiwa ce. Tsara waƙa kuwa aiki ne na zama da tunani, kuma shi ne ba a gani. Na taɓa zama a wani gida a Bukoki inda wata uwar ƙungiya, ba shahararriya ba, take gwajin sabuwar waƙa da ƴan matanta bayan la'asar. An shimfiɗa tabarma biyu, an kifa ƙwarya a cikin baho mai ruwa, ita kuma tana riƙe da tsohon kaye na ƴan lakwal wanda rabinsa lissafin adashi ne, rabinsa baitoci. Ba ta fara da baiti ba. Gindin waƙar ta fara kafawa, wato amshin da za a riƙa komawa kansa, ta rera shi, suka karɓa, ta sake, suka karɓa. Can wata yarinya ta ce, «Tanti, nan wurin numfashi ba ya kaiwa.» Ta ce, «To ɗiyata, sake faɗa in ji.» Yarinyar ta maimaita, matar ta rufe ido, ta cire kalma ɗaya daga tsakiya, ta mayar da ta ƙarshe farko. Da suka sake ɗauka sai amshin ya zauna daram, har mai kaɗa ƙwarya ta yi guɗa. A kan wannan layi guda aka kai magariba.

Abin da take aunawa a wannan zama yana da yawa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ga gaɓa mai ja da marar ja. In karin waƙa ya ɗaga a inda kalma ke sauka, kunnen Bahaushe zai ji ta bambaraƙwai, wani lokaci ma ma'anar ta juya. Sannan amshi dole ya zama wanda mace mai wanki za ta kama a ji na biyu, in ba haka ba waƙar ta mutu a wurin da aka yi ta. Bayan gindi sai ɗiyan waƙa, kowane da nasa aiki: wannan ya buɗe da sunan Allah da salati, wannan ya kawo labari, wannan ya yi yabo, wannan ya saki habaici. A Yamai kuma akwai ƙarin nauyi wanda mawaƙin Kano ko na Damagaram bai cika ɗauka ba. Taro ɗaya zai haɗa Bahaushiya da Bazabarma da Bafillatana da Buzuwa, don haka mai tsara waƙa kan saƙa Hausa da Zabarmanci a cikin waƙa guda. Kuma ba maimaita magana take yi ba, domin abin da zai sa matan Hausawa dariya ba lallai ya motsa na Zabarmawa ba. Kowane ɓangare sai an nemo masa nasa gishiri.

Mafi wuya shi ne faɗa wa mutum abin da ba ya son ji, ya kuma tsaya ya saurara har ƙarshe. Waƙoƙin Hamsou sun taɓa soyayya da addini, sun taɓa siyasa, sun taɓa lafiya har da cutar sida a lokacin da ambaton sunanta ma abin kunya ne a gaban manya. Likita zai faɗi maganar a asibiti mutum ya sunkuyar da kai ya fita. Mai waƙa kuwa sai ta sa maganar a bakin wata kishiya ko wata uwar miji, maigida ya yi dariya tukuna, sai ya kwanta da dare ya gane da shi ake. Wannan dabara ba a lakwal ake koyonta ba. Gadon habaicin tsakar gida ne, irin wanda mata suka daɗe suna yi a bakin turmi, ita da ire-irenta suka ɗauko shi suka hau da shi dandamali.

Yanzu ga maganar wanda ya biya. Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rushe jam'iyya, ya nemi wata hanyar da zai kai ga talakawa. Sai ya raya samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa ta gargajiya, ya mai da ita hannun hukuma a kowace unguwa da kowane ƙauye. Samariya na share titi, tana dashen itace, tana kuma waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Gasar matasa ta ƙasa na farawa daga ƙasa ta hau sama, har jihohi bakwai na lokacin, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Yamai da Tawa da Damagaram, su haɗu a gari ɗaya su kara. Jigon waƙa sananne ne: haɗin kan ƙasa, aiki, yaƙi da hamada, sannan noman rani bayan farin 1984. A wannan zamani ne matan tsarar Hamsou suka samu fili.

Samariya ta yi wa ƴan mata abu babba, kuma ba zan rage mata ba. Ta ba su mayafin da za su fita da shi. Uban da ba zai taɓa yarda ɗiyarsa ta yi waƙa a gidan biki ba, in aka ce aikin ƙasa ne, sarkin samari ya zo da kansa ya roƙa, ga mota ga zane ga rediyon Muryar Sahel zai sa, sai ya yi shiru. Amma a cikin tsarin akwai wani abu da ya bi matan nan har ƙarshen rayuwarsu. Waƙar samariya ta unguwa ce ko ta jiha. Ita ke cin gasa, sunanta ake kira, faifan kuma ya zauna a gidan rediyon gwamnati. Wadda ta kwana tana juya amshi, in an tuna da ita, a matsayin mai ja gaba ake tunawa, ba mai tsarawa ba. Tsara guda ta mawaƙa ta tashi da sanin cewa waƙa abu ne da ake yi don rana kaza, a tafa, a watse.

Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, Ali Saibou da ya gaje shi ya sassauta, samariya ta fara yaushi. Sai 1991, shekarar da komai ya motsa. Ranar 13 ga Mayu matan Yamai suka fito titi saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da har yau ita ce ranar matan Nijar. Taron kansa ya zauna daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba. A cikin wannan shekara Hamsou ta kafa Annashuwa. A ganina ba haɗuwar sa'a ba ce. Rumfar gwamnati ta yaye, duk mai son ci gaba da waƙa sai ya kafa tasa, kuma mace na iya zama ita ce mai ƙungiya, ita ke ɗaukar makaɗa, ita ke yin ciniki, ita ke raba kuɗi.

Sai dai ƙungiya baki gare ta, sai an ciyar da ita, shekarun 1990 kuwa shekarun wuya ne. Ma'aikata na yin wata da watanni ba albashi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan kiɗa da na sauti da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi. Wanda ke da kuɗin biyan waƙa a lokacin shi ne furoje da ma'aikatun da furoje ke tallafa wa. Yadda abin ke tafiya kuwa sananne ne. A kira uwar ƙungiya ofis, a ba ta jigo a takarda: allurar rigakafi, tazarar haihuwa, auren wuri, sa ɗiya mata lakwal. A ba ta ranar taro. Ta koma gida ta mai da maganar ofis maganar mutane, ta yi gwaji, ta zo ta rera, a biya ta sau ɗaya. Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka fara buɗewa a tsakiyar shekarun su sa waƙar iya tsawon kamfen. In furoje ya naɗe tabarmarsa, waƙar ta bi shi. Kamar tuwon biki ne, a tuƙa da yawa, a ci yau, gobe a wanke tukunya a mayar wa mai ita.

A irin wannan kasuwa, me kundi zai ƙara wa mace? Ɗakunan ɗaukar murya ƙalilan ne a Yamai, masu hali kan tafi har Abijan ko Lome. In ta ci bashi ta yi kaset, wanda ya sayi ɗaya zai kwafa ɗari, kuɗin ya tsaya a rumfar mai kwafa. Kuɗin da ke shiga hannunta na gaske shi ne na ranar wasa: abin da mai taro ya biya da abin da aka liƙa. Saboda haka mai hankali za ta sa ƙarfinta a sabuwar waƙa ta taron gobe, ba a adana ta jiya ba. Sai da kwamfuta ta shigo, ɗaki ɗaya da makirfo mai kyau ya isa a ɗauki waƙa, sannan lissafin ya sauya. A duba abin da ya biyo baya: Gargaɗi a 2008, wani kundi a 2009. Biyu a jere, bayan shekara 17 babu ko ɗaya. Ni abin da na karanta a nan shi ne waƙa ba ta taɓa yi mata ƙaranci ba, ƙofa ce ba ta buɗe ba. Kuma ko da ta buɗe, ta buɗe ne a daidai lokacin da faifai ke barin kasuwa. Yau ka je Katako ko bakin Babbar Kasuwa, ka miƙa wa yaro mai kwamfuta katin wayarka da ƴan canji, ka ce ya zuba maka waƙoƙin mata na da. Zai cika maka shi cikin minti kaɗan, wasu da suna, wasu lamba kawai, ba shekara, ba sunan wadda ta tsara.

Akwai wani kuɗin da matan nan ke biya wanda ba ya shiga lissafi, shi ne na mutunci. Sakin marar da aka yi wa jama'a a 1991 bai tsaya ga mawaƙa ba, ƙungiyoyin addini ma sun samu baki, kuma rediyon da ke sa waƙa da rana shi ke sa wa'azi da dare. A Nuwamban 2000 an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi kan bikin nunin tufafi na FIMA, kowa ya ga inda iska ke kaɗawa. Mace mai hawa dandamali a irin wannan gari dole ta auna ɗaurin kallabinta, ta auna rawar ƴan matanta, ta auna kowace kalma, domin abin da za a yafe wa namiji ita ba za a yafe mata ba. Hamsou ta tsaya a matsayin Musulma mai waƙa, ba ta saki ko ɗaya ba. Masu ganin abin baƙo ne su tuna da Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da waƙa ta karantar da matan karkara, jajis ɗinta, wato mata malamai na ƙungiyarta ta ƴan taru, suna haddacewa suna kaiwa ƙauyuka. Ba ina daidaita matsayinsu ba ne, amma hanyar isar da magana ga macen da ba ta karatu ita ce dai wannan, kuma tsohuwa ce a wurinmu.

Mai biya na uku shi ne ɗan siyasa, kuma shi ne ya fi tsada. Da jam'iyyu suka dawo, a wancan zamani babu mitin da ya cika sai da mawaƙa da mata cikin zanen jam'iyya. A zaɓen 2016 Hama Amadou na jam'iyyar Moden Fa Lumana ya yi takarar shugaban ƙasa yana tsare a gidan kaso na Filinge, inda aka kai shi tun Nuwamban 2015. Hamsou tana bayansa, ba ta ɓoye ba. A cikin wannan kakar zaɓe aka kama ta bisa zargin tunzura jama'a, ta yi kamar kwana goma a gidan kaso na Yamai, tana da shekara 57. Ina da ra'ayi biyu a kan wannan, kuma ban ga sun ci karo ba. Waƙar jam'iyya na rage wa mawaƙi jama'a, domin muryar da a da ta kowa ce sai rabin gari ya kashe rediyo in ta fito, kuma wannan asara ce ta gaske ga wadda ta yi shekaru tana yi wa kowa gargaɗi. Amma zaɓin nata ne, ƴar ƙasa ce kamar kowa, kuma kulle dattijuwa a kan magana abu ne da bai kamata a saba da shi ba, ko wane ne ke kan kujera. Abin da ya faru ya nuna wani abu da masu raina sana'ar ba sa so su yarda da shi: masu mulki sun san nauyin waƙar mace sarai. Sun san inda take shiga, cikin gida, wurin foyandi na zaman mata, kan hanyar rijiya, inda takardar kamfen ba ta kaiwa.

Gwamnati ta biya, furoje ya biya, jam'iyya ta biya, kowa don ranarsa. Ajiya ce ba ta da mai ita. Bincike mafi zurfi da aka yi a kan Hamsou yana cikin littafin da Farfesa Ousseina Alidou, ƴar Nijar mai koyarwa a Amurka, ta fitar a 2005 a kan matan Musulmin ƙasar nan. Aiki ne na a yaba, sai dai da Ingilishi yake, matan da suka yi mata amshi ba za su karanta shi ba. Ba kuma wuraren ajiya muka rasa ba. Cibiyar CELHTO ta tarihin baka tana Yamai tun 1968, akwai cibiyar binciken rayuwar al'umma ta IRSH, akwai cibiyar kiɗa ta Elhadji Taya tun 1989, ga ɗakin faya-fayan rediyo da tele na ƙasa, ga Jami'ar Abdou Moumouni cike da ɗalibai masu neman abin rubuta kundin kammala karatu. Tsohon faifai kuwa ba ya jira, zafi da ƙurar Yamai cin sa suke yi a hankali.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ta tafi, saura waɗanda suka karɓa mata. Wadda ta shiga Annashuwa tana budurwa, yau ta doshi hamsin ko ta wuce. Su ne suka san wace waƙa aka yi wa wane taro, wane baiti aka cire don kada a ɓata wa wani, wane amshi ne Hajiya ta zo da shi da asuba, wane ne kuma wata daga cikinsu ta gyara. Aikin ba ya son kuɗin furoje. Waya mai ɗaukar murya, kaye, da ɗalibar da ta ji Hausa da Zabarmanci ta kuma iya gaida manya sun isa: a zauna da su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta baitocin yadda suke, a sa shekara, a sa wanda ya nemi waƙar, a sa sunan wadda ta tsara da na makaɗan. Sai da irin wannan jeri ne magadanta za su iya zuwa BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, su ce wannan tamu ce, gidan rediyon da ya sa ta kuma ya san wa zai biya.